Daga Kaset Zuwa Faifai: Tarihin Rage Hoto Domin Ya Shiga Gidajenmu

A zangunanmu, daga Nima ta birnin Akara har Birketeri ta Yawunde, da wuya a rasa shagon mai juya bidiyo. Akan kai masa ɗaurin aure, ko suna, ko walimar saukar karatu da aka ɗauka da waya ko kyamarar zamani, a ce ya zuba a faifai domin dattawan gida su kalla a na'urar da hannunsu ya saba da ita. Aikin ba ya wuce 'yan sa'o'i, amma tarihinsa ya doshi shekara hamsin, kuma ya shafi abin da za mu bar wa jikokinmu.

Mafarin labarin shi ne kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fitar a 1976. A kan irin wannan kaset ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin wanda ya buɗe kasuwar finafinan bidiyo na Hausa. A kasuwar Ƙofar Wambai akan jera na'urori a riƙa kwafar kaset daga kaset, sana'ar da masani Brian Larkin ya yi nazarinta a littafinsa Signal and Noise na 2008. Aibin kaset shi ne duk kwafin da aka yi sai hoto ya ragu, launi ya kwaranye, murya ta dusashe. Mu da muke ƙarshen hanyar fatauci, sau da yawa kwafin kwafi ne yake iso mu, har idanunmu suka saba da dishi-dishi.

Akwai kuma wata iyaka da ba a gani a taswira. Najeriya da Gana da Kamaru sun bi tsarin talabijin mai launi da ake kira PAL, Nijar da Cadi kuwa suka bi SECAM na Faransa. Kaset ɗin da aka naɗa da SECAM, in aka saka shi a na'urar PAL zalla, fari da baƙi yake fitowa. Ke nan dangi biyu masu harshe ɗaya suna iya aika wa juna bikin 'yarsu, launin lallen amarya ya maƙale a kan iyaka.

A 1993 kamfanonin Philips da Sony da Matsushita da JVC suka amince da tsarin faifan VCD. Bai yi kasuwa a Turai da Amurka ba, amma ya mamaye Sin da kudu maso gabashin Asiya, daga can kuma na'urorinsa masu araha suka kwararo kasuwanninmu. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, faifai ɗaya kuma ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80, shi ya sa dogon fim sai an raba shi faifai biyu. Kyawun hotonsa bai wuce na kaset mai lafiya ba. Sai dai ya zo da alheri biyu: kwafi na ɗari daidai yake da na farko, sannan a kan faifai ƙasashen PAL da na SECAM ma'auni ɗaya suke bi, wato hoto 25 a kowace daƙiƙa. A wannan zamanin ne muka yi juyi na farko. Gidaje da yawa suka kai kaset ɗin bukukuwansu aka mayar faifai, daga nan aka jefa kaset ɗin a kwali, ƙura da zafi da damina suka ƙarasa shi.

DVD, wanda aka fara sayarwa a Japan a 1996, ya ɗaga hoton zuwa ɗigo 720 sau 576, faifansa kuma yana ɗaukar gigabait 4.7, abin da ya ishi fim na kusan sa'a biyu da kyawunsa. Amma kasuwa tana da nata lissafin. Masu kwafi suka riƙa cusa finafinai da yawa a faifai guda, suna matse kowanne har fuskar ɗan wasa ta koma dabbare-dabbare idan ya yi motsi. Mun saya don araha, muka kuma koyi cewa faifai ba ya ƙara faɗi, hoto ne yake raguwa.

Daga 2006 hanya ta rabu biyu. A shekarar ne aka fitar da faifan Blu-ray mai ɗaukar gigabait 25, domin hoto mai tsananin kyau na ɗigo 1920 sau 1080. Ya yi takara da HD DVD na kamfanin Toshiba har Toshiba ya janye a 2008. Wannan faɗa bai taɓa ɗakunanmu ba, domin na'urar Blu-ray ba ta zauna a gidajenmu ba. Kyamarori da wayoyi suka yi gaba, na'urar da ke ƙarƙashin talabijin ta tsaya inda take tun zamanin DVD. A wannan giɓin ne mai juya bidiyo na yau yake cin abincinsa.

Yana da kyau mu fahimci abin da yake yi. Hoton 1920 sau 1080 yana da ɗigo 2,073,600, na DVD kuwa 414,720 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar cif. Duk lokacin da aka juya biki zuwa DVD, ɗigo huɗu cikin kowane biyar ake zubarwa, idan kuma VCD ne, kusan ɗaya cikin ashirin ne yake tsira. Bayan rage girma, dole a sauya harshen da aka rubuta hoton da shi. Waya takan naɗa da tsarin H.264 ko wanda ya gaje shi, na'urar DVD ta asali kuwa MPEG-2 ta sani, kuma tana neman a jera mata fayilolin cikin jakar da ake kira VIDEO_TS. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya kwashe bidiyo daga waya ya ƙona a faifai kai tsaye yakan tarar na'ura ta ƙi karantawa, alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Sannan akasarin wayoyi hoto 30 suke ɗauka a daƙiƙa, sai an daidaita su da 25, in ba a yi da kyau ba motsi ya riƙa tsalle. Bidiyon da aka ɗauka da waya a tsaye kuwa sai dai ya zauna a tsakiya, baƙi ya rufe dama da hagu.

Wannan juyi ba ya komawa baya. Abin da aka zubar ya tafi, ko da an sake ɗora faifan a kwamfuta. Haɗarin yana zuwa ne bayan an karɓi faifai: mai shago ya goge ainihin ɗaukar don ya sami wurin aikin gobe, mai waya ya sauya waya, kwafin da ya bi ta WhatsApp kuma an riga an matse shi. Sai ya zama faifan nan ne kaɗai shaidar ranar. Faifan da ake ƙonawa a shago kuma rini ne a cikinsa, wanda zafi da hasken rana suke lalatawa, ba shi da ƙarkon wanda aka buga a masana'anta. Na'urorin ma ba su dawwama: kamfanin Funai, na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kaset, ya daina a 2016.

Ga al'ummar da take 'yar tsiraru a ƙasarta, asarar ta fi nauyi. Ba kasafai gidan talabijin na ƙasa yake zuwa ɗaukar kamun amarya a zango ba. Irin Hausar da kakanninmu suka yi, da kalmomin da suka aro daga maƙwabta, da salon ɗaurin ɗankwali, da fuskokin malamai da sarakunan zango da suka riga mu gidan gaskiya, mafi yawansu a bidiyon bukukuwa suke, ba a wata ma'ajiya ba.

Saboda haka mu ci gaba da yi wa dattawa faifansu, hakkinsu ne su ga jikokinsu a na'urar da suka iya kunnawa. Amma ranar karɓar faifai mu karɓi ainihin ɗaukar yadda ta fito daga kyamara, mu ajiye ta a wuri biyu, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa a wani gida, mu rubuta sunan biki da gari da shekara. Wanda kuma har yanzu yake da kaset a ƙasan akwati, ya nemi mai na'urar da ke aiki tun ana samu, ya ce a ɗauke masa kai tsaye zuwa kwamfuta ba tare da an bi ta VCD ba, kuma kada ya yar da kaset ɗin bayan an gama.