Tarihin Ajiye Bayanan Ciniki a Maigatari Zuwa Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira

2.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bin diddigin hanyoyin ajiye bayanan ciniki a ƙasar Gumel, musamman a kasuwar Maigatari, tun daga zamanin ajami har zuwa lokacin da wanda bai koyi harshen kwamfuta ba zai iya gina manhajar intanet. Manufar ita ce a nuna cewa kowace hanya ta zo da nata mai shiga tsakani, sannan a duba ko ƙirƙirarriyar basira ta kawar da shi.

2.1 Zamanin Shaidar Baka da Ajami

Garin Maigatari yana cikin masarautar Gumel, a kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Kasuwarsa tana ci ne ranar Alhamis, kuma ta yi suna wajen cinikin shanu da raƙuma da tumaki da awaki. Baya ga fataken Nijar da na kudancin Nijeriya, mutanen Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar duk suna cin wannan kasuwa.

A da, dillali shi ne ma'ajiyar bayanai. Shi ya san mai dabba, shi ya san mai saye, kuma shi ake nema idan aka yi zargin dabbar ta sata ce. Idan bashi ya shiga tsakani har ana bukatar rubutu, sai a je wurin malami ya rubuta da ajami. Bayan zuwan Turawa a 1903 da buɗe makarantar Ɗan Hausa a Kano a 1909, sai boko ya soma shiga harkar mulki, magatakarda da malaman haraji suka karɓi wannan matsayi.

2.2 Shigowar Kwamfuta Jihar Jigawa

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. A shekarar ne kuma aka buɗe wa duniya tsarin shafukan intanet da Tim Berners-Lee ya ƙago. Gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki, wadda ta yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ta ba harkar kwamfuta muhimmanci ƙwarai. A zamaninta aka kafa cibiyar Informatics a Kazaure, aka kuma kafa yankin ciniki maras shinge a Maigatari. Haka kuma a 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya.

Duk da haka, gina manhaja ya ci gaba da zama aikin ƙwararru. Wajibi ne mutum ya iya Turanci, ya kuma koyi harsunan kwamfuta irin su HTML da JavaScript. Fitowar WordPress a 2003 da Wix a 2006 ta sauƙaƙa gina shafi, amma manhajar da za ta lissafa la'ada ko ta bi sawun bashi sai an nemi gwani. Wato dai masanin kwamfuta ya gaji magatakarda.

2.3 Bayyanar Ƙirƙirarriyar Basira

A watan Nuwamba na 2022 kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, manhajar da aka horar da ita da ɗimbin rubuce-rubuce, har da umarnin kwamfuta da mutane suka rubuta. Daga baya dandamali irin su Replit da Lovable suka ba mutum damar ya bayyana abin da yake so da magana ta yau da kullum, na'ura ta rubuta masa umarnin, ta kuma ɗora manhajar a intanet.

Misali, yaron dillali zai iya neman shafi mai ɗauke da sunan mai dabba, da launinta, da kuɗinta a naira ko sefa, da ragowar bashi. Amfanin irin wannan ajiya ya fito fili idan aka tuna rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokutan da masu bin bashi da waɗanda ake bi suka daɗe ba su haɗu a kasuwa ba.

2.4 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce harshe. Waɗannan na'urori sun fi ƙwarewa a Turanci domin rubutun Hausa a intanet bai taka kara ya karya ba. Ta biyu ita ce ƙarancin wutar lantarki da tsadar data. Ta uku, wadda ta fi sauran hatsari, ita ce na'urar takan yi kuskure ba tare da ta nuna alama ba, kuma wanda bai san harshen kwamfuta ba da wuya ya gane. Kuskuren sifiri ɗaya a kuɗin sa ya isa ya raba amanar shekaru. Bugu da ƙari, dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare sunaye da lambobin mutane a kan wanda ya tattara su.

2.5 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa ƙirƙirarriyar basira ta rage bukatar masanin kwamfuta, amma ba ta kawar da bukatar masanin kasuwa ba. Wanda ya san yadda ake yanke la'ada da yadda ake canjin sefa shi ne zai iya faɗa wa na'ura abin da za ta gina, shi ne kuma zai gane idan lissafinta ya kauce. Saboda haka, ilmin da dillali ya riƙe a ka tun zamanin ajami shi ne har yanzu ginshiƙin aikin. Babi na gaba zai duba yadda ake gudanar da dillanci a karar Maigatari.