Wa Ke Iya Tsayar da Katafila?

A kamfanin haƙar ma'adinai kowane ofis yana da makarantar da ta yaye mutanensa. Injiniya da digirinsa, masanin duwatsu da nasa, akanta ma haka. Mu 'yan ofishin hulɗa da jama'ar gari kuwa tsintar mu aka yi daga ko'ina: tsohon malamin makaranta, ɗan jaridar da ya gaji da jiran albashi, malamin gona, ma'aikaciyar ƙungiyar agaji, jifa-jifa kuma wanda ya karanta ilimin zamantakewa. A ƙauye 'yan kamfani ake ce mana. A kamfani kuma lauyoyin ƙauye, ba da niyyar yabo ba. Ɓarna ce ta haifi wannan aiki, kuma duk ɗan girman da aka ƙara masa sai da aka tafka wata asara tukuna.

Lokacin da Turawa suka fara haƙar kuza a tsaunukan Jos, farkon ƙarnin da ya wuce, ba wanda ya ga amfanin irinmu. Izini daga gwamnatin mulkin mallaka yake fitowa, helma ya kawo lebura, manomin Birom da aka yashe wa gona ya karɓi abin da aka miƙa masa. Daga 1942 zuwa 1944, saboda yaƙi, har aikin tilas aka yi: aka riƙa ɗibar maza daga lardunan Arewa ana kai su barikokin kuza, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama. Gadon da aka bar wa mutanen Bukuru da Barikin Ladi shi ne kududdufai masu zurfi, waɗanda har yau suke cin rayuka.

Salo na biyu shi ne kamfani ya zama uban gari. A arewacin Nijar, SOMAÏR da aka kafa a 1968 da COMINAK ta 1974 sun tayar da Arlit da Akokan a tsakiyar hamada saboda yuraniyom, da asibiti da ruwan famfo da gidajen ma'aikata. Alheri ne, ba musu. Sai dai idan mai haƙa shi ne kuma mai asibiti, wa zai faɗa maka ko aikin ne ya sa maka ciwo? Wani ma'aikacin mahaƙar, Almoustapha Alhacen, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man, ya jawo masu awo daga waje, aka samu burbushin guba a ƙarafunan da suka fito daga mahaƙa ana sayarwa a kasuwa. A 2017 ya karɓi kyautar Nuclear-Free Future Award.

Amma duk wanda ya daɗe a sana'ar nan, in ka tambaye shi mafari, Bougainville zai ambata, wani tsibiri a Papua New Guinea. A 1972 aka buɗe mahaƙar jan ƙarfe da zinariya ta Panguna, a hannun kamfanin da reshen Rio Tinto na Ostareliya ke da mafi yawan jarinsa. Ta kai tana kawo kusan rabin kuɗin da ƙasar ke samu daga abin da take sayarwa waje. A ma'aunin wancan zamani kamfanin ba marowaci ba ne, ya biya diyya, ya horar da 'yan gari. Amma tarkacen haƙa cikin kogin Jaba yake zuba su, sannan ga wani abu da nake fara gaya wa duk sabon ma'aikaci: a wajen mutanen Nasioi, ta ɗakin uwa ake gadon ƙasa. Masu rubuta sunayen waɗanda za a biya kuwa maza suka tara, maza suka rubuta.

Tun 1969 matan ƙauyen Rorovana suka tare masu awon fili, 'yan sanda suka watsa su da kulake da barkonon tsohuwa. Kukan kurciya ne, ba a samu mai fassara shi ba. Yaran da suka taso bayan nan ba su ga gona ba, ba su ga kuɗin gona ba. Perpetua Serero da ɗan'uwanta Francis Ona, wanda ya yi wa kamfanin aiki, suka karɓe ƙungiyar masu ƙasa daga hannun dattawa, aka nemi diyyar kina biliyan 10. Ƙarshen 1988 aka soma tayar da turakun lantarki da nakiya. A watan Mayun 1989 mahaƙar ta tsaya, yaƙi ya ci kusan shekara 10, ƙiyasin da aka fi ambata na mamata ya kai 20,000. Kamfanin yana riƙe da duk takardun gwamnati, amma bai sake fitar da ko tan ɗaya daga ramin ba.

A ƙasar dai, mutanen kogin Ok Tedi suka kai kamfanin BHP ƙara har kotun Melbourne, aka sasanta a 1996. A shekarar ce kuma tarkacen mahaƙar Marcopper suka cika kogin Boac a Filifin. Wani jami'in Placer Dome, kamfanin Kanada mai hannu a Marcopper, Jim Cooney, ya fito a 1997 yana cewa bayan lasisin gwamnati akwai na biyu, wato yardar mutanen wurin, wadda za su iya janyewa ba tare da sanarwa ba. Rio Tinto ma ta sauya hanya: a 1995 shugaban reshenta na Ostareliya, Leon Davis, ya fito fili ya amince da haƙƙin 'yan asalin ƙasa kan filayensu, kamfanin ya ɗauki masana al'adu ya zaunar da su a bakin rami, kusa da manajan mahaƙa. Wannan wurin zaman yana da muhimmanci, za mu sake haɗuwa da shi.

Daga nan takardu suka yi ta sauka. Ƙa'idojin tsaro da haƙƙin ɗan Adam a 2000, majalisar manyan kamfanoni ta ICMM a 2001, dokar Afirka ta Kudu ta 2002 da ta wajabta wa kowace mahaƙa tsarin kyautata wa ma'aikata da maƙwabta. Yawancinsu a kan kanta suka kwana. Wadda ta canza mana rayuwa ita ce ta masu ba da bashi: ƙa'idoji 8 da IFC, reshen Bankin Duniya mai ba 'yan kasuwa rance, ta fitar a 2006 ta sabunta a 2012, manyan bankuna kuma suka ɗauka. Ba ka cika su ba, ba kuɗi. Sai ga kamfanin da jiya hulɗarsa da ƙauye ba ta wuce buhun shinkafa da ragon Salla zuwa gidan hakimi ba, yau yana cigiyar wanda ya iya tsara sauya wa mutane matsuguni.

Ga yadda ƙa'ida ta biyar, ta ƙasa da diyya, take idan ta sauka a gona. Ana sa ranar rufe ƙirga, a yi shela a masallaci da kasuwa: abin da aka gina ko aka dasa bayanta ba ya cikin lissafi. Sai mu fita, da mai awo, da wakilin hakimi, da mai unguwa, da malamin gona na ƙaramar hukuma. Kowace bishiya a shafa mata lamba da fenti. Dorawa nawa, tsamiya nawa, mangwaro mai 'ya'ya dabam da wanda bai fara ba. Manomi ya riƙe allo mai lambarsa a ɗauke shi hoto. Duk wannan mai sauƙi ne. Wuyar tana gindin kaɗanya. Sunan maigida ke kanta, alhali matarsa ce ke sammakon tsintar kaɗe, ta fitar da mai, ta sayar ranar kasuwa, da kuɗin take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Diyya ta faɗa aljihun maigida, ya sayi babur, wani ma ya ƙara aure. Ga wanda ke noman gonar bisa aro ko jingina. Ga Bafulatanin da burtalinsa ya ratsa filin, wanda ranar ƙirga yana can kudu da shanunsa. Ƙa'idar ta ce ko marar takarda a duba shi, amma sai ka san da shi za ka duba shi, kuma namiji ba ya shiga cikin gida ya ji ta bakin matan aure. Ofishin da ba mace a cikinsa, a ƙasarmu, rabin gari kawai yake ji. Kuskuren Panguna ke nan da rigar gida.

Sauran aikin ba abin ba da labari ba ne. Ɗaukar hoton kowane bango kafin a tashi nakiyar farko, don kada gobe a yi ta rantse-rantse kan tsagewar da ta girmi kamfani. Littafin koke, kowane koke da lamba da kwanan wata da rasit a hannun mai shi. Na lura mutum ya fi jure a ce masa a'a a gaya masa dalili, bisa a yi shiru da shi wata uku. Sai kuma zama da manaja, wanda kullum maganarsa ɗaya: "Je ka lallashe su, katafila tana cin kuɗi a tsaye." Kai kuma ka ce, "Yallaɓai, bayan tsamiyar can maƙabarta ce." Sai a 2014 muka samu amsar da yake ganewa, da masu bincike Rachel Davis da Daniel Franks suka nuna cewa babbar mahaƙa tana iya asarar kimanin dala miliyan 20 a duk makon da rikici ya tsayar da ita. Na sha kafa hujja da wannan adadi, ko da yake ba na son sa. Yana koya wa manaja cewa ƙauyen da zai iya tare hanya ne kaɗai ya cancanci a saurara.

A Nijeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta ce ba a fara haƙa sai an rattaba hannu kan yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, a sake duba ta duk shekara 5. Doka ce mai kyau, ta ma riga ƙasashe da yawa. Abin da na fi gani a aikace shi ne takarda 'yar shafi kaɗan, lauyan kamfani ya rubuta da Turanci, mutum biyar suka sa hannu a otal a babban birnin jiha, alkawarin rijiyar burtsatse da aji biyu, ba adadi ba wa'adi. A Ahafo ta Gana, gidauniyar da kamfanin Newmont da garuruwa 10 suka kafa a 2008 tana karɓar dala 1 kan kowane oza na zinariya da kashi 1 cikin 100 na riba. Su ma suna da rigingimunsu, amma ko ɗan sakandare zai iya lissafa abin da garinsu ke bi.

Mafi yawan haƙar da ake yi a Arewa ma ba ta da ofishin da za a kai wa kuka. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, gubar dalma ta kashe yara sama da 400, saboda a tsakar gida ake daka duwatsun zinariya. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da sarakuna da limamai ne suka yi aikin da muke taƙama da shi, har aka shawo kan mutane su fitar da niƙa bayan gari.

Da farashin ma'adinai ya karye wajen 2013 zuwa 2015, ofisoshinmu na cikin na farkon da aka rage. Ba ma haƙo komai, kuma rikicin da ka hana aukuwa ba ya fitowa a littafin akanta. Inda ba a kore mu ba, sai aka haɗe mu da masu kula da sunan kamfani a jaridu. Rio Tinto ma haka ta yi, ta ɗauke aikin daga wuyan manajojin mahaƙa ta mai da shi ƙarƙashin ofishin hulɗar kamfani. Ranar 24 ga Mayun 2020, a yankin Pilbara na yammacin Ostareliya, ta tashi kogunan dutse biyu na Juukan da nakiya, wurin da aka samu shaidar zaman mutane na shekara 46,000. A ciki an tono wata igiyar gashin mutum da aka kitsa shekara 4,000 da suka wuce, gwaji ya nuna dangantakarta da mutanen Puutu Kunti Kurrama da Pinikura na yau. Kamfanin yana da izinin hukuma tun 2013. Yana da tsari huɗu na faɗaɗa ramin, uku ba sa taɓa wurin, ya zaɓi na huɗu don ƙarin tama tan miliyan 8. Lokacin da masu wurin suka ji, an riga an ɗura nakiya. Rahotannin masana suna nan a cikin kamfanin, sai dai waɗanda suka san darajar wurin ba su da ikon cewa a dakata. Shugaban kamfanin, Jean-Sébastien Jacques, da manyan jami'ai biyu suka rasa kujerunsu, aka kuma mayar da aikin hannun masu gudanar da haƙa. Shekara 25 tsakanin jawabin Leon Davis da wannan rana.

Yanzu lithium ya tashi a Nasarawa da Kaduna da Kwara, tallan neman jami'an hulɗa da al'umma ya dawo, matasa suna zuwa tambayata abin da za su karanta. Nakan ce su san dokar ƙasa da ta ma'adinai, su iya harshen wurin, su iya karanta taswirar injiniya don kada a yi musu wayo a taro. Ranar ganawa kuma, kafin maganar albashi, su nemi a nuna musu takardar izinin share fili, wadda ake cikewa kafin injin ya taɓa sabon wuri, su duba ko akwai layin sa hannun ofishinsu. A wurin da na fi jin daɗin aiki akwai layin, direba ba ya tayar da katafila sai ya gan shi a cike. A sauran wuraren, daga ofis kake jin rurin injin, ka hau babur ka bi ƙura.