Daga Jangare Zuwa Kolin Koliyo: Yadda Hausawa Suka Daɗe Suna Tsara Baƙin Halittu

A shekarar 1969, wadda Amurkawa suka taka duniyar wata a cikinta, kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya. A ciki wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaro Kilba ya tafi yawo da shi. Sai bayan shekara biyar aka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, a 1974, wanda kowane ɗan wasa ke ɗaukar matsayin wani jarumi a labari. A 1977 Marc Miller ya fito da Traveller, ya mayar da irin wannan wasa tsakanin taurari.

Matsalar da masu tsara Traveller suka ci karo da ita, ita ce ke gabanmu yau, mu masu rubuta manhaja da labarai: ta yaya halittar da babu ita za ta shiga ran mutum? Dubi jinsin K'kree na wasan. Masu cin ciyawa ne da ke rayuwa a garke, don haka kaɗaici na tayar musu da hankali, ba sa jure ɗaki mai ƙunci, kuma suna ƙyamar duk mai cin nama. Daga abinci kawai aka samo fasalin jiragensu da dalilin yaƙe-yaƙensu.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ko da mutum bai yarda da bori ba, tsarinsa abin nazari ne ga marubuci. Tremearne ya rubuta a kai a 1914, Fremont Besmer kuma a 1983, bayan bincikensa a Kano. Abin da suka tarar shi ne birni sukutum, Jangare, mai sarki da fadawa da gidaje goma sha biyu. Kowane iska yana da dangi, da tufafinsa, da dabbar da yake so, da cutar da ake danganta masa. Mai sauraro ya san abin da Inna Bafulatana za ta iya yi da wanda ba halinta ba ne. Ƙa'ida ce ke riƙe halitta, ko da siffarta ba ta da ban tsoro.

Mu 'yan Gwaram da Birnin Kudu muna da wani darasin a ƙofar gida. Waɗanda suka zana shanu a Dutsen Mesa da Dutsen Habude sun lura da ƙaho da gadon baya sosai, har masu bincike suka gane cewa shanu ne marasa tozo, saɓanin waɗanda Fulani ke kiwo a yankin yanzu. Sai da suka ƙura ido kafin su ɗaga hannu.

Yau matasanmu na rubuta labaran sararin samaniya a waya, amma sau da yawa baƙon nasu shi ne mai ƙaton kai da manyan idanu na finafinan Amurka, an dai sa masa Hausa a baki. In muka ci gaba a haka, za mu zama 'yan dako a fagen da Dembo ya buɗe mana tun 1969. Gara mu je gindin suri mu ga yadda gara ke raba aiki, mu tambayi yadda kwaɗo ke shafe rani a cikin ƙasa har ruwan farko ya sauka. Halittar da ke barci wata bakwai a shekara, wa ke tsare mata gari, kuma yaya take rabon gado? Wanda ya amsa wannan ya riga ya samu rabin wasansa.