Komawa tsohuwar manhaja

Komawa tsohuwar manhaja shi ne cire sabon samfurin manhajar intanet daga waya ko kwamfuta a mayar da wanda ya gabace shi. Ana yin haka idan sabon ya yi wa na'urar nauyi, yana maƙalewa, ko yana cinye data da caji.

A arewacin Najeriya

A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, mutane da yawa na riƙe da wayoyin Android masu ƙaramar ma'ajiya. Masu gyaran waya kan tura musu tsohon samfurin manhaja ta Xender. Android ba ta yarda a ɗora tsoho a kan sabo sai an goge sabon, kuma gogewar kan tafi da saƙonnin da ba a adana ba.

Haɗari

Sabuntawa na toshe kafofin da masu kutse ke shiga. A watan Mayun 2019 WhatsApp ya toshe wata kafa da ake shigar da manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta hanyar kira kawai, ko ba a ɗaga ba. Duk wanda ya koma samfurin da ya gabaci irin wannan gyara ya sake buɗe ƙofar. Haka kuma, fayil ɗin da ya bi hannu da hannu yana iya ɗauke da cutar da aka cusa masa.

Mafita

Masana tsaron intanet na ba da shawarar kada a koma baya a burauza da manhajar banki, inda kuɗi da lambobin sirri ke bi. Ga ƙaramar waya, samfuri mara nauyi kamar Facebook Lite ya fi tsoho aminci, domin ana ci gaba da sabunta shi.