Awon matsin iska a inji: yadda ake gane toshewar hanyar shaƙa

Inji mai aiki da fetur yana bukatar iska wajen kilo 14 da rabi kafin ya ƙona kilo 1 na mai, wato kusan lita dubu 9 zuwa dubu 10 ta iska ga kowace litar fetur. Duk wannan iska tana bi ta matata, wadda makanikai ke ce wa filta, ta wuce ƙofar totur, sannan ta shiga bututun da ke raba ta ga silindoji. Sunan wannan bututu manifol. Matsin iskar da ke cikinsa shi ne ke nuna ko inji yana shaƙa yadda ya kamata ko kuwa an shaƙe masa wuya.

A Yauri da sauran garuruwan yankin Matamaye, cikin jihar Damagaram, matsalar ta fi tsanani daga Nuwamba zuwa Maris. A lokacin ne iskar hunturu ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta haɗu da ta hanyoyin burji da rairayi. Matatar da za ta shekara a Turai, a nan tana iya cika cikin ƴan watanni.

Ana awon ne da kilofaskal. A bakin teku matsin iskar sarari ya kai wajen 101. A yankinmu, da ke sama da teku da mita ɗari huɗu da ɗoriya, yakan tsaya wajen 96. Motocin da ke da na'urar MAP, mai sanar da kwamfutar mota matsin manifol, ana karanta adadin da ƴar na'urar gwaji da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari. Wannan mahaɗa ta zama dole a Amurka tun 1996, a Turai kuwa tun 2001 ga motocin fetur, don haka galibin motocin hannu da ake shigowa da su suna da ita. Motar da ba ta da MAP, kamar tsofaffi masu kafireta, sai a haɗa mata agogon awon zuƙa da siririn tiyo a jikin manifol.

Awo uku ake yi. Na farko, a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba. Adadin da ya fito shi ne matsin sarari na wannan rana, a rubuta shi. In ya yi nesa da 96, na'urar kanta ce abin zargi. Na biyu, inji ya yi zafi yana aiki a tsaye ba a taka totur ba: lafiyayye yakan nuna tsakanin 30 da 40, domin ƙofar totur a rufe take, fistoci na zuƙa ba su samun isasshiyar iska.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Inji a tsaye iska kaɗan yake sha, ko matatar da ta cika maƙil za ta iya ba shi wannan ɗan abin. Sai bakanike ya ga adadi mai kyau ya ce hanyar iska lafiya lau, ya koma kan fulogi da famfon mai, mai mota yana ta biyan kuɗi.

Awo na uku shi ne mai yanke hukunci. A hau hanya mai kyau marar cunkoso, mutum ɗaya na tuƙi, wani na duban na'ura, a sa giya ta biyu ko ta uku a take totur har ƙasa. Ƙofa ta buɗe gaba ɗaya, saboda haka matsin manifol ya kamata ya koma dab da adadin farko, ratar ba ta wuce kilofaskal 3 zuwa 5 ba. Idan kuwa inji na ƙara juyi adadin na sauka, daga 96 ya koma 85 ko ƙasa, to akwai abin da ya tare iska kafin ta iso. Matata ce aka fi samu, amma a duba tiyon roba da ya yi laushi yana lotsewa in zuƙa ta yi ƙarfi, da tsumma ko leda ko sheƙar ɓera a bakin mashiga, da ƙofar totur da ba ta buɗewa duka.

Toshewar salansa ma tana kashe ƙarfin mota, amma alamarta daban ce: an take totur, matsi ya kai na sarari, mota kuma ba ta ja. Kuma in aka riƙe inji a juyi 2500 a tsaye, sai a ga matsin na hawa sannu a hankali maimakon ya tsaya wuri ɗaya.

Injin gazuwal, irin na manyan motoci da tarakta da injin niƙa, yawanci ba ya rage iska da ƙofar totur, don haka ana awonsa ne tsakanin matata da inji, ko tsakaninta da turbo. Iyakar da kamfanoni da dama suka sa ita ce zuƙar da ke ɗaga ruwa santimita 63, wajen kilofaskal 6, inji yana cikakken aiki. Wasu motocin na da ɗan ma'auni a jikin gidan matata da ke nuna ja in an kai nan. In babu, tiyo mai gani-har-hanji da aka lanƙwasa kamar harafin U aka zuba ruwa ya isa, muddin dogo ne sosai don kada inji ya zuƙe ruwan. Baƙin hayaƙi lokacin jan kaya yakan zo tare da wannan cuta.

Batun shan mai kuwa, gwajin da cibiyar Oak Ridge ta Amurka ta wallafa a 2009 ya nuna cewa a motocin fetur masu kwamfuta toshewar matata ƙarfi take ragewa, ba ta ƙara shan mai sosai, don kwamfuta na rage mai daidai da iskar da ta shigo. Mai kafireta ce ke ƙara sha.

Al'adar buga matata a jikin taya ko hura ta da iskar kwamfiresa mai ƙarfi tana iya huda takardar. Awo zai yi kyau bayan haka, gaskiya ne, amma don ƙura ta sami ƙofa ce zuwa cikin silinda, inda take cin zobban fistin kamar sanfefa. Matatar da ta kai iyaka canza ta ake yi, a goge gidanta da ɗanyen tsumma, a kuma tabbatar robar bakinta ta zauna daram kafin a rufe.