Alamar Shekaru da Ƙarshen Labari: Tarihin Gardamar Fim Ɗin Lust, Caution

A watan Satumba na shekarar 2007 alƙalan bikin finafinai na birnin Venice da ke Italiya suka miƙa babbar kyautarsu, wadda ake kira Zakin Zinare, ga darakta Ang Lee ɗan asalin Taiwan saboda fim ɗinsa mai suna Lust, Caution, labarin leƙen asiri da ya gudana a Hong Kong da Shanghai a zamanin da Japan ta mamaye manyan sassan ƙasar Sin. Tun daga lokacin masu sha'awar finafinai ba su daina gardama a kan abubuwa biyu game da shi ba, wato ko alamar shekarun da aka ba shi a Amurka ta dace, da kuma ko ƙarshen labarin abu ne da hankali zai ɗauka. Akasari akan yi waɗannan gardandami kamar babu abin da ya haɗa su, alhali tarihin tace finafinai ya nuna cewa hannun da ke ƙayyade wanda zai shiga silima, a da can shi ne yake ƙayyade yadda labari zai ƙare.

Asalin al'amarin a Amurka ya koma ga shekarar 1915, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa fim kasuwanci ne kawai, don haka ba ya cikin abubuwan da 'yancin faɗin albarkacin baki ya kare, hukuncin da ya ba jihohi da birane damar yanke duk abin da ba su gamsu da shi ba. Kamfanonin Hollywood, don gudun kada gwamnati ta karɓe ragamar gaba ɗaya, suka zaɓi su tace kansu da kansu: a 1922 suka ɗauko Will Hays ya shugabanci ƙungiyarsu, a 1930 suka amince da wani kundin ƙa'idoji da daga baya ya ci sunansa, a 1934 kuma suka fara aiki da shi ba sani ba sabo a ƙarƙashin Joseph Breen. Wannan kundi bai san maganar shekaru ba ko kaɗan, domin manufarsa ita ce kowane fim ya zama wanda yaro da babba za su iya kallo tare, kuma hanyar cimma hakan ita ce shiga cikin labarin tun yana kan takarda. Ban da hana tsiraici da ashar, ya shar'anta cewa mai laifi ba zai ci bulus ba, kuma ba za a sa mai kallo ya tausaya wa ɓarna ba. A littafin Rebecca na Daphne du Maurier miji ne ya harbe matarsa, amma da Alfred Hitchcock ya mai da shi fim a 1940 sai mutuwar ta koma hatsari, saboda ba a yarda mai kisa ya ƙare cikin kwanciyar hankali ba. Shi dai Hitchcock ɗin, a fim ɗinsa na leƙen asiri Notorious na 1946, inda aka tura wata mata ta yaudari wani ɗan Nazi har ta kai ga aurensa, ya kauce wa dokar hana doguwar sumba ta hanyar kacaccala ta gida-gida da 'yan maganganu a tsakani, sannan ya bar masoyin matar ya cece ta a ƙarshe, kamar yadda zamanin ya buƙata.

Tsarin ya fara rushewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 kotu ta tilasta wa manyan kamfanoni rabuwa da gidajen silimarsu, wanda ya rage musu ikon hana nuna fim ɗin da bai sami shaidar amincewa ba, a 1952 ta janye hukuncin 1915, sannan talabijin da finafinan Turai suka riƙa janye 'yan kallo. Jack Valenti, wanda ya karɓi shugabancin ƙungiyar a 1966, shi ya binne kundin ya kawo abin da ya maye gurbinsa a ranar 1 ga Nuwamba, 1968: alamomi huɗu, G da M da R da X, waɗanda aikinsu shi ne sanar da iyaye irin abin da fim ya ƙunsa, a bar darakta da labarinsa. R na nufin wanda bai kai wasu shekaru ba sai da rakiyar babba, X kuma na nufin ba a yarda yaro ya shiga ba ko da rakiya. Da farko X ba abin kunya ba ce, domin Midnight Cowboy na 1969 yana ɗauke da ita ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, amma ƙungiyar ba ta yi wa alamar rajista ba, sai masu finafinan batsa suka kwashe ta suna liƙa wa hajarsu, har ma suna ninka ta uku don talla. A 1990 aka ƙirƙiro NC-17 don wanke wannan tabo, aka fara ba fim ɗin Henry & June, ma'anarta a yau kuwa ita ce ba a barin ɗan shekara 17 zuwa ƙasa ya shiga. Sabon sunan bai sauya halin kasuwa ba, domin gidajen silima da yawa sun ƙi nuna irin waɗannan finafinai, jaridu da dama sun ƙi tallarsu, kamfanin hayar bidiyo na Blockbuster ma ya ƙi ajiye su. Sakamakon haka shi ne daraktoci suka koma yanke finafinansu da hannunsu don su sami R, wato almakashin da aka ce an ajiye a 1968 ya dawo ta hannun 'yan kasuwa.

Labarin da Ang Lee ya ɗauko yana da tushe a wani abu da ya faru da gaske. A ƙarshen shekarun 1930 masu haɗa kai da Japan sun kafa hedkwatar 'yan sandan ciki a gida mai lamba 76 a titin Jessfield na Shanghai, wurin da ya yi ƙaurin suna wajen azabtarwa da kisa, ɗaya daga cikin shugabanninsa kuwa shi ne Ding Mocun. Wata budurwa mai suna Zheng Pingru, wadda mahaifinta Basine ne mahaifiyarta kuma 'yar Japan, tana yi wa gwamnatin 'yan kishin ƙasa ta Chiang Kai-shek aiki a ɓoye, ta kusance shi, a Disamba 1939 ta ja shi zuwa wani kantin sayar da rigunan gashin dabba inda 'yan bindiga suke jira. Ding ya ankara ya fice da gudu, ya tsallake rijiya da baya, ita kuma aka kama ta aka harbe a Fabrairu 1940 tana da shekara 22. Shi ma an zartar masa da hukuncin kisa a 1947 saboda cin amanar ƙasa. Marubuciya Eileen Chang, wadda ita kanta ta taɓa auren Hu Lancheng, jami'in farfaganda a gwamnatin 'yan amshin shata ta Wang Jingwei, ta fara rubuta wani gajeren labari mai kama da wannan a shekarun 1950, ta yi ta gyara shi, bai fito ba sai ƙarshen shekarun 1970. Babban abin da ya bambanta labarinta da na Zheng Pingru shi ne cewa a wajen Chang mutumin bai tsira da wayonsa ba, yarinyar ce ta sake shi.

A fim ɗin, wanda tsawonsa ya haura sa'a biyu da rabi, Tang Wei ce ta fito a matsayin Wong Chia Chi, ɗalibar da ta fara da wasan kwaikwayon kishin ƙasa a Hong Kong a 1938, abokanta suka mai da ita matar wani ɗan kasuwa ta ƙarya don ta shiga gidan Mista Yee, mai haɗa kai da Japan da suke son kashewa, wanda Tony Leung ya fito a matsayinsa. Ta shiga ta hanyar teburin mahjong, wasan da mutum huɗu ke yi da ƙananan tubala masu zane, inda matan manya ke hira suna gwada zobba. A Shanghai a 1942 tarkon ya kai ga kantin wani Ba'indiye mai sayar da duwatsu masu daraja, inda Yee ya saya mata zoben lu'ulu'u ruwan hoda mai karat 6. Ta sa zoben, ta dube shi, abokanta suna waje suna jira, sai ta raɗa masa cewa ya yi maza ya gudu. Ya sauko daga bene a guje ya faɗa mota. Ita kuma ta hau keken haya mai ƙafa uku, aka tare hanya, ta ciro ƙwayar gubar da aka ba ta don irin wannan rana amma ba ta haɗiye ba, a daren nan aka kai ta da abokanta biyar bakin wani ramin fasa dutse. Yee ne ya sa hannu a takardar kisan, da aka maido masa da zoben ya ce ba nasa ba ne, fim ɗin ya ƙare yana zaune a bakin gadon da ta bari, agogo yana buga ƙarfe 10.

Kwamitin da ke ba da alamomi a Amurka, wanda ya ƙunshi iyaye mazauna yankin Los Angeles da ake sakaya sunayen mafi yawansu, bai ga aibu a wannan ƙarshe ba, abin da ya duba shi ne wasu fitowa uku na ɗakin kwana masu tsiraici da tsanani, ya ba fim ɗin NC-17. Kamfanin Focus Features, a ƙarƙashin James Schamus wanda yana cikin marubutan fim ɗin, ya karɓi alamar bai ɗaukaka ƙara ba, bai kuma yanke komai ba, abin da ba kasafai ake gani ba. Fim ɗin ya sami kimanin dala miliyan 4.6 a Amurka daga cikin kusan miliyan 67 da ya tara a duniya, kuma da aka zo fitar da shi a faifai sai da aka yi wani rageggen kwafi mai alamar R. A Hong Kong, inda aka kafa tsarin rukunai tun 1988, an sa shi a rukuni na uku na 'yan shekara 18 zuwa sama, aka nuna shi cikakke, ya kuma yi kasuwa sosai.

A babban yankin ƙasar Sin lamarin ya bi wata hanya, domin can babu tsarin alamar shekaru, fim ko dai ya dace da kowa ko kuma a yanke shi har ya dace, irin matsayin da Hollywood take ciki kafin 1968. Ang Lee da kansa ya cire kimanin minti 7 kafin a fara nunawa a Nuwamba 2007, sannan aka taɓa maganar da jarumar ta yi a kantin zobe, gargaɗin ya gudu ya koma wata magana mai sanyi ta su tafi, ta yadda mai kallo zai iya ɗauka cewa Yee ne ya gane da kansa. Wannan ɗan gyara ya fi yanke mintunan nauyi, domin ya ɗauke wa jarumar laifin cin amana, ya kuma ɗauke mata shawara guda ɗaya tak da ta taɓa yankewa don kanta a duk tsawon labarin. Mutane da dama sun tsallaka Hong Kong musamman don su ga cikakken fim ɗin, wani ɗalibin shari'a a Beijing ma ya shigar da ƙara yana cewa an tauye masa haƙƙi a matsayinsa na mai sayen tikiti, yana neman a kafa tsarin alamomi.

A nan ne gardandamin biyu suka haɗu. Masu sukar ƙarshen sun kasu kashi biyu: akwai masu cewa ba ya shiga hankali mace ta salwantar da rayukan abokanta saboda zobe, akwai kuma masu kishin ƙasa da suka ga fim ɗin ya ƙawata maci amana ya ɓata sunan 'yan gwagwarmaya, ra'ayin da ya ƙara ƙarfi da wata 'yar'uwar Zheng Pingru ta fito a Los Angeles ta nuna ɓacin ranta. Masu kare shi suna nuni da cewa zoben shi ne ƙarshen dogon zare, domin kowane namiji a rayuwar yarinyar ya yi amfani da ita ya wuce: mahaifinta ya tafi Ingila ya bar ta, saurayin da take so ya miƙa ta ga aikin, jami'in da ke ba ta umarni ya ƙi sauraronta a ranar da ta yi ƙoƙarin gaya masa abin da aikin yake yi mata, ya kuma ƙona wasiƙar da ta rubuta wa mahaifinta bayan ya yi alkawarin aikawa. Hujjarsu ta fi ƙarfi, kuma ƙarfinta ya dogara ne a kan fitowar nan uku da aka yi ta cece-kuce a kansu, domin a cikinsu ne dangantakar ta tashi daga zalunci tsantsa zuwa wani abu mai rikitarwa inda mutum biyu da ke rayuwa cikin ƙarya suka kasa ɓoye wa juna tsoronsu. Wanda ya kalli rageggen kwafi ya ga farko da ƙarshe an cire masa tsakiya, ba mamaki ya ce ƙarshen ya zo babu dalili. Wannan bai sa alamar NC-17 ta zama kuskure ba, domin fim ɗin ba na yara ba ne ta kowace fuska. Abin suka shi ne kasuwar da ta mai da alamar hukunci. Haka kuma mai kallo na iya fahimtar dalilin jarumar ba tare da ya wanke ta ba, tunda fim ɗin kansa ya tsayar da kyamara a kan fuskokin abokanta a bakin ramin.

Wadda ta fi ɗanɗana kuɗar takaddamar ita ce Tang Wei. A Maris 2008 hukumar da ke kula da rediyo da finafinai da talabijin ta ƙasar Sin ta umarci kafafen watsa labarai su daina nuna ta, aka janye tallar man shafawa na Pond's da ta yi, alhali Tony Leung da Ang Lee ba su gamu da irin wannan takunkumi ba. Ta sami izinin zama a Hong Kong a wannan shekarar, ta koma fim a 2010 da Crossing Hennessy, daga baya kuma ta yi suna a Koriya ta Kudu, musamman da Decision to Leave na 2022. Dokar masana'antar fim da ta fara aiki a ƙasar Sin a ranar 1 ga Maris, 2017 ta wajabta sanya gargaɗi a kan finafinan da ka iya dagula wa yara hankali, amma ba ta kafa rukunan shekaru ba, kuma Logan, fim na farko da ya ɗauki irin wannan gargaɗi, sai da aka yanke masa mintuna kafin a nuna shi.