Tarihin Mashaƙo, Cuta Mai Dishe Muryar Yara

Yau za mu ba ku tarihin mashaƙo, watau cutar nan da kan dishe muryar yaro, ta hana shi numfashi.

Galibi in muryar yaro ta dishe, mura ce, ko kuwa yawan kuka da ihu wajen wasa. In ya huta, ya sha ruwa, sai ta washe cikin kwana kaɗan. Amma tun zamanin da iyaye sun san wata dishewa mai ban tsoro. Yaro ya yi zazzaɓi, wuya ya kumbura, wata yana mai launin toka ta rufe maƙogwaro, har numfashi ya gagara. A ƙasar Sifen cutar ta kashe yara da yawa cikin 1613, har mutane suka riƙa kiran shekaran nan shekarar shaƙewa.

Cikin 1825 wani likitan Faransa, Bretonneau, ya huda maƙogwaron wata yarinya da ke bakin mutuwa, ya sa ɗan bututu, ta sami numfashi, ta rayu. Amma ba a tabbatar da mafarin cutar ba sai 1884, sa'ad da wani Bajamushe, Loeffler, ya ware ƙwayarta. Sa'an nan aka gane ƙwayar nan dafi ta ke zubawa cikin jiki, har ya taɓa zuciya. Cikin 1890 wani Bajamushen kuma, Behring, ya sami makarin dafin cikin jinin dabbobi, daga baya aka shiga samunsa daga dawaki, yara da yawa suka tsira. Cikin 1923 Ramon na Faransa ya sami dabarar kashe ƙarfin dafin, aka yi allurar rigakafi da shi.

To, duk da haka, inda aka yi sakaci cutar takan komo. Daga ƙarshen 2022 ta ɓarke a Nijeriya, musamman Jihar Kano, yawancin waɗanda ta kama kuwa yara ne da ba a yi musu allura ba.

Saboda haka, iyaye, ku kai jariri a yi masa allura yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. In murya ta dishe tare da zazzaɓi, ko kumburin wuya, ko numfashi mai ƙara, ku kai shi ɗakin shan magani nan da nan, ko da dare ne. Kada ku kai shi ga wanzami a cire beli, wannan ƙara ciwo ya ke yi. In kuwa dishewar ta wuce mako uku, ko babu zazzaɓi, a nuna wa likita.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana su. Sai mako mai zuwa.